Wanzamin da Ya Riga Ni Lasawa

Ba zan tsaya ba da labarin yadda na bar Wusasa ba, domin duk wanda ya taɓa barin gida ya san irin kallon da uwa take yi wa jaka. Labarina ya fara ne a gindin wani masallaci a Naif, cikin Deira, inda na zauna a kan jakata da rana tsaka ina ta kiran ejan ɗin da ya kawo ni Dubai, ana ce mini wayarsa a kashe take. Ya yi mini alkawarin aikin gadi a otal, da ɗakin kwana, da motar kai ma'aikata. Abin da na samu a hannu shi ne bizar baƙi masu ziyara da lambar wayar da ta mutu tun ina cikin jirgi. Sunana Ishaya, na karanci gyaran lantarki a Zariya, kuma ni mutum ne mai saurin fushi da saurin baki. A ranar dai ban sami wanda zan zaga ba sai wayar da ke hannuna, ita kuwa ta sha zagi.

Naif unguwa ce ta lunguna, kowane lungu cike da takalma da jakunkuna da atamfa, masu tura amalanke suna ta ce maka yalla yalla, wato yi sauri, kamar kai ka tare musu arziki. Ina jin Hausa tana wucewa ta gabana, Alhazan Kano suna ciniki a waya, amma kunya ta hana ni tsayar da kowa. Sai bayan la'asar wani dattijo siriri mai furfura a haɓa ya fito daga masallaci yana neman takalminsa, ya tsaya a kaina.

"Yaro, ɗan wane gari ne kai, kake zagin waya da Hausa mai kyau haka?"

Na ce Zariya. Sai ya tafa hannu ya ce shi Bakano ne, ashe bawansa ne ya ɓata, ya yi ta nema. Wanda bai sani ba, tsakanin Kanawa da Zage-zagi akwai wasa tun na kakanni, kowa yana cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa. Ni kuwa don kada a yi nisa a dawo, na gaya masa tun da wuri cewa ni Kirista ne. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce shi tambayar da zai yi mini ita ce ko na ci abinci. Ya ɗauki jakata da kansa, na bi shi a baya kamar akuyar da aka sayo daga kasuwa. Sunansa Garba, mutanen Naif suna ce masa Wanzam, ni kuma tun daga ranar nake ce masa Baba.

Zangona na biyu unguwar Hor Al Anz, inda Baba yake kwana. Fulat ne da aka cika shi da gadajen ƙarfe masu hawa biyu, kowa da labulensa, kowa da ƙugiyar rataye kaya, ɗakin yana warin safa da albasa da turaren Alhazai. Gadon da ke saman na Baba babu kowa, ya roƙi mai kula da gidan ya bar mini. A nan na san kewa. Ba manyan abubuwa nake tunawa ba: ƙarar ƙofar langa-langa ta gidanmu, da muryar mata suna waƙar zumunta a coci, da yadda mahaifiyata take kiran sunana sau biyu ko da ina gabanta. Baba ya lura ba na cin shinkafar Indiyawa sai dai in tsakura, sai ya buɗe wani gwangwani da yake ɓoyewa a ƙarƙashin gado, mai kuka da daddawa da yaji, ya tuƙa mana tuwon semo ranar Juma'a. Na ci ina hawaye, ya ce yajin Kano ne ya fi ƙarfin Bazazzagi. Ranar Lahadi kuwa shi yake bubbuga ƙasan gadona da ƙafa, wai in tashi in tafi coci kada a ce shi ya hana ni ibada.

A Dubai aikinsa ɗaure kaya ne a wani ofishin kago, masu aika kaya ƙasashen waje, shi ne mai naɗe kwalaye da leda da igiya kafin a kai kwantena. Amma a gida wanzami ne ɗan wanzami. Ya ce mini asibiti ya karɓe kaciya, samari sun koma shagon aski mai madubi da waƙa, shi ya sa ya bar askarsa ya biyo 'yan kasuwa. Abin da bai bari ba shi ne zabirarsa, tsohuwar jakar fata da ta yi baƙi don shan hannu, da ƙaho guda biyu a ciki. 'Yan dako idan baya ya riƙe musu sai su zo, ya kafa musu ƙaho ranar hutu, ba ya karɓar komai. Yana da dokoki biyu da ya ce ubansa ya bar masa. Ta farko, ba ya yarda a yi masa godiya a kan magani. Ta biyu, ba ya sa wa mutum komai a jiki sai ya fara kai shi harshensa. Ko farasitamol zai miƙa maka sai ya ɓalli gefensa da haƙori. Idan ya lasa sai ya tsotsi harshe, tsap, ya ce, "Bismillah, na riga ka." Ya ce dā idan wanzami ya shiga gidan mai jego da ƙwarya, dole ya kurɓa a gaban mutane, don a san in da cuta a ciki shi za ta fara kayarwa. Ni dai dariya abin yake ba ni, ina ce masa Bakano ba ya ganin abu ya wuce bai ɗanɗana ba.

Kafin in sami tsayayyen aiki na yi lodin kwantena a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, aikin yini, ana kwasarmu da mota tun da sassafe. Zafin cikin kwantena ba ya faɗuwa, sai wanda ya shiga. A can ne wata rana na ɗaga buhun da ya fi ƙarfina don kada wani ɗan Pakistan ya raina ni, na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Na daure, domin wanda ba shi da bizar aiki ba ya rashin lafiya. Bizata kuma tana ta ƙarewa, kullum da ita nake tashi.

Sai Allah ya kawo aiki ta inda ban zata ba. Wani shagon sigarin lantarki a Deira yana neman wanda ya iya gyaran batir da caja, ni kuma abin da na karanta ke nan. Shago ne mai fitilu shuɗi da ja, yana ƙamshin mangwaro da na'a-na'a kamar ɗakin amarya, samari suna shigowa suna busa hayaƙi mai kama da gajimare. Mai shagon, wanda muke ce wa arbab, wato maigida, ya zauna a Landan shekaru, bakinsa zaƙi, kowa habibi ne a wurinsa, wato masoyi. Ya yi mini bizar aiki, ban taɓa mantawa da wannan ba ko da nake jin haushinsa. Abokin aikina Bimal ne, mutumin Nepal, mai shiru da tsoron laifi.

A kanta ta ƙasa akwai wasu ƙananan kwalabe da man shafawa da alawa, duk da hoton ganye mai yatsu. Babu ɗan Najeriyar da zai ga ganyen nan ya tambayi sunansa. Na ce wa arbab wannan ai wiwi ne. Ya yi dariya, ya ce ba ita ba ce, ƙanwarta ce da ba ta bugarwa. Daga ƙwayar irinta ake matse man, a Turai a kantin magani ake sayarwa, tsofaffi ne ma masu saye don ciwon gwiwa. Ya nuna mini wata shaida a wayarsa mai tambari da sa hannu. Ga lasisin shago a jikin bango, ga kaya a fili ba a ɓoye ba. Na yarda, don ban ga dalilin da zai sa mai dukiya irin wannan ya yi wasa da dokar Dubai ba.

Tsayuwar yini a shago ta tayar mini da ciwon Jebel Ali. Wata safiya na kasa saukowa daga gado, sai da mutum biyu suka kama ni. Baba ya ba ni gadonsa na ƙasa, shi da shekarunsa ya koma hawa sama. Ya kafa mini ƙaho, ya gasa mini bayan da tsumma. Da yamma sai ga Bimal da ɗaya daga cikin kwalaben nan, ya ce arbab ya aiko, a riƙa shafa mini safe da yamma. Alheri ne suka yi, har yau ban ce mugunta ba ce.

Baba ya buɗe, ya sansana, ya ɗiga a tafin hannu, ya kai harshe. Tsap.

Na ce, "Baba, shafawa aka ce. Kuma ka dubi ganyen da ke jiki, kar ka je masallaci kana yi wa liman dariya."

Ya ce, "Kai ka ce mini ba ta bugarwa. Abin da zai shiga jikinka ta hannuna sai ya fara shiga nawa, ubana bai ware na shafawa ba. Juya, bawana. Na riga ka."

Haka muka yi ta yi har na miƙe. Safe da yamma, kafin ya tafi ɗaurin kaya da bayan ya dawo, sai ya ɗiga, ya lasa, ya ce na riga ka, sannan ya murza mini ƙugu da yatsunsa masu tauri. Ya ce ɗanɗanonsa kamar ciyawa da man gyaɗan da ya kwana biyu. Har ya taɓa cewa kwanan nan barci yana yi masa daɗi, na ce ai gadon Bazazzagi ne mai albarka. Wannan maganar tana dawo mini har yanzu. Ko da na koma aiki bai daina ba, ya ce ciwon ƙugu maƙaryaci ne, yana lafawa ne kawai. Kwalbar kuma ya sa ta cikin zabira tare da ƙahonninsa, don a wurinsa ta zama kayan aiki.

Ranar da 'yan sanda suka zo, da hantsi ne, ina kwance wata caja. Ba irin zuwan da na sani a gida ba ne, babu ihu babu duka. Farin kaya suka sa, suka yi sallama, suka nuna takarda, suka sa safar hannu suka fara kwashe kaya cikin kwali. Suka share kanta ta ƙasa, sannan suka hau ta sama, har da ruwan mangwaro da na'urorin da ba su da hoton ganye. Arbab ya iso a guje yana haki. Ya ce ba su da ikon kwashe masa shago gaba ɗaya, takardarsu kayan ganye kawai ta ambata, kuma kayan ganyen ma halal ne a doka tunda man iri ne, zai kira lauya, zai kai ƙara. Babban cikinsu ya saurare shi har ya gama, ya ce masa ɗakin gwaji ne zai faɗi abin da ke cikin kwalba, ba rubutun da ke bayanta ba. Daga nan ya juyo ya tambaye mu ko akwai wanda ya kai wani abu gida. Bimal ya dube ni. Na ce akwai kwalba ɗaya a ɗakinmu, ta ciwon baya.

Da muka isa Hor Al Anz lokacin hutun rana ne, babu kowa a ɗakin sai Baba, yana kishingiɗe yana jan carbi. Suka tambayi kwalba, ya miƙe da ladabi ya ciro zabira daga ƙarƙashin matashinsa ya ba su. Suka ga ƙahonni, suka juya su, suka dubi juna. Tunda a jakarsa aka same ta, suka ce shi ma ya zo. Ya nemi izinin sa hularsa, suka ba shi.

A ofishinsu aka karɓi fitsarinmu mu uku. Na riga na gama yanke wa kaina hukunci: ni ne ma'aikacin shagon, ni aka yi ta shafa wa man, ni za a riƙe. Ina zaune a benci ina tunanin yadda labari zai isa Wusasa, ina jin bayana yana ƙaiƙayi kamar man yana nan yana tona mini asiri. Baba ne yake ba ni haƙuri. Ya ce in an riƙe ni zai riƙa kawo mini tuwo, kuma zai kira mahaifiyata ya gaya mata gaskiya da bakinsa, don ta san ɗanta ba ɗan shaye-shaye ba ne. Shi bai taɓa sa ko taba sigari a baki ba, goro ma likita ya raba shi da shi.

Da sakamako ya fito sai aka kawo tafinta, wani mutumin Sudan mai suna Usman. Na yi mamaki da ya buɗe baki da Hausa, irin ta tsofaffi, ya ce kakanninsa sun taso aikin hajji a ƙasa suka zauna a hanya. Shi ya gaya mana. Bimal babu komai. Ni babu komai, abin da aka shafa a fata bai nuna ba. Baba kuwa an sami abin maye a jikinsa.

Baba bai gane ba da farko, har ya ce alhamdu lillahi da ya ji an wanke ni. Sai da Usman ya maimaita. Na ga hannunsa ya tafi bakinsa a hankali, ya taɓa leɓensa.

Ni kuwa na tashi tsaye, bakin nan nawa ya ɓalle. Na ce a zo a kankare bayana a gwada, ni ne mai ciwo, ni ne mai magani, wannan tsoho lasawa kawai yake yi. Usman ya dafa ni ya zaunar, ya ce in faɗa a hankali zai fassara duka. Na ba da labarin wanzamai da ƙwaryar mai jego da gefen farasitamol. Ina magana idon Usman yana kawo ruwa, ya ce kakarsa ma haka take yi, ba ta ba jika magani sai ta kurɓa. Ya juya ya yi wa jami'in bayani da Larabci mai tsawo, har yana kwatanta lasawar da hannunsa. Jami'in bai yi dariya ba, ya tambaya sau biyu, ya rubuta. Sannan ya tambayi Baba ko da saninsa ya kai man bakinsa, ko wani ya tilasta shi.

Usman ya fassara tambayar, ya ɗan tsaya yana kallon Baba, irin kallon da ke cewa yi tunani. Baba ya ce, "Gaya masa da hannuna na ɗiga, da harshena na lasa, kullum. Yaron nan ma ya hana ni."

A bakin ƙofa Usman ya ce mini na ji dai da kunnena. A ƙasar nan abin da aka samu a jikin mutum kamar an same shi a aljihunsa ne. Alƙali zai iya tausayawa, amma ba zai ce babu ba.

Aka sake ni da Bimal, aka riƙe Baba da arbab. Na koma ɗaki na tarar da gadon sama da bargonsa a naɗe, takalmin wankansa a gefe. Ban iya komawa gadon ba, ban kuma iya kwanciya a na ƙasa ba tare da na ji kamar na ƙwace masa wuri ba. Abin da ya fi damuna shi ne ƙarar nan ta tsotsar harshensa. Famfon banɗaki yana ɗiga, tsap, sai in juya. Wani ya tsotsi shayi a kantin Indiyawa, sai in ɗaga kai ina nemansa. Ni da nake yi wa masu tsoron aljanu dariya, na koma ina waige a lungu da rana tsaka.

Labari kuwa ya riga kowa isa Naif, daga Naif ya hau jirgi. A bakin 'yan kasuwa ya zama an kama Wanzam da wiwi a cikin zabira, wasu suka ƙara cewa dama da ita yake haɗa maganinsa, shi ya sa 'yan dako suke son ƙahonsa. Wani Alhaji da na san Baba ya taɓa yi wa jinyar kafaɗa ya faɗi haka a gabana a ofishin kago. Na ci kwalarsa, sai da aka ɓamɓare ni. Ban ji daɗin abin da na yi ba, amma ban ba shi haƙuri ba.

Shari'ar ta ɗauki watanni. Arbab ya fito a kan beli da wuri, lauyansa ya tsaya a kan cewa kwashe kayan ya wuce abin da takarda ta halatta. Kuma ya ci rabin magana. Aka ce na'urori da ruwan mangwaro da man shafawar da aka tabbatar na iri ne ba su da laifi, a mayar masa. Ƙananan kwalaben kuwa, irin wadda aka aiko mini, an sami abin da ke bugarwa a ciki, wanda rubutun bayansu ya rantse babu. Arbab ya ce kamfanin da ya sayar masa ne ya cuce shi, wataƙila ma gaskiya ne. Aka ci shi tara, ya biya. Ina tsaye aka dawo da kwalayen, da tambarin 'yan sanda a jikinsu, Bimal yana jera kaya yana goge ƙura. Arbab ya dafa kafaɗata yana murmushi.

"Ka gani, habibi? Na gaya musu ba su da iko. Khalas, shi ke nan, komai ya dawo."

Na ce masa ba komai ba. Ya tambaye ni me ya rage, da gaske yake tambaya, yana duba kanta. Na ajiye masa makullin shago a kan tebur na fita.

Baba alƙali ya tausaya masa, kamar yadda Usman ya ce: tsoho ne, bai taɓa laifi ba, ga bayanin da aka rubuta. Ba a ƙara masa zama a kan wanda ya riga ya yi ba, aka ce a mayar da shi ƙasarsa, kada ya sake shigowa. Ban gan shi ba da zai tafi, daga inda ake tsare da shi aka wuce da shi filin jirgi. Bayan kwana biyu Usman ya neme ni ya miƙa mini leda. Zabirar ce da ƙahonnin, an gama da su a matsayin shaida, babu wanda ya zo karɓa. Na sami aikin lantarki a wani sito a Jebel Ali, na ajiye zabirar a ƙarƙashin matashina inda ya saba ajiye ta. Ina kiran wayarsa, wani lokaci ya ɗauka, ya ce lafiya lau, ya tambayi ƙuguna. Bai sake ce mini bawana ba.

Da na sami hutun farko, kafin in je Wusasa sai da na sauka Kano. Gidansa yana cikin birni, ƙaramin zaure da tabarma da buta. Ya rame, furfurar ta cinye haɓar duka. Matarsa, Inna Hajara, ta gaishe ni ta bayan ƙofa, ta ce ta san ni a bakinsa. Ita ce ta gaya mini abin da shi ba zai faɗa ba: gidajen da tun zamanin ubansa ba su da wanzami sai nasu, yanzu in an haihu sai dai su ji guɗa daga nesa. Babu wanda ya zage shi, kawai ba a aikowa. Ya koma sahun baya a masallaci, da an sallame ya fice.

Na jira aka fito daga sallar la'asar, na tsaya a bakin masallacin na ce ina da magana. Na faɗi komai, da ciwon bayana da kwalbar da lasawar. Sun saurare ni da mutunci. Wani tsoho ya gyaɗa kai ya ce haka uban Garba yake yi, ya gani da idonsa. Wani kuma ya tambaye ni sunana da irin aikin da nake yi a can, da na ce Ishaya, a shagon sigarin lantarki, sai ya ce Allah ya kyauta, ya sa takalminsa. Na ga yadda shaidata take da nauyi a wurin, ba ta kai ta kaza ba. Baba yana tsaye nesa yana jirana.

Muka koma zaure na ba shi zabirarsa. Ya ɗora ta a cinya yana shafawa, bai buɗe ba. Ina ta tari tun daga jirgi, sanyin na'urar sanyaya sito ya kama mini ƙirji. Ya saurari tarin, ya karkata kai kamar yadda yake yi a Hor Al Anz, sai ya leƙa cikin gida ya ce Inna ta dafa citta da kanumfari da wani saiwa da ya ambata. Raina ya yi fari, na ce a zuciyata ga Baba ya dawo.

Aka kawo a kofin silba yana tururi. Ya karɓa da hannu biyu, ya hura, ya ɗaga zuwa bakinsa yadda ya yi duk tsawon rayuwarsa. Ina jiran ƙarar nan da ta hana ni sakat a Dubai, a karon farko ina son in ji ta. Kofin ya kai kusa da leɓensa sai ya tsaya. Ya dubi ƙofar zaure, babu kowa a wurin sai rana. Ya sauke kofin a hankali ya miƙo mini.

"Ka yi haƙuri, Ishaya. Ban ɗanɗana ba."

Na karɓa na shanye duka da zafinsa, har ya ƙona mini harshe. Ban yi masa godiya ba, don ita ce doka ɗaya da ta rage masa.